BABI NA UKU: ƘWAYAR CUTAR TUMBI DA AKE ƊAUKA A ƘURUCIYA DA ILLOLINTA BAYAN AN GIRMA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ƙwayar cutar da ta shiga cikin yaro tun yana ƙarami kan ci gaba da yi wa lafiyarsa illa har bayan ya manyanta. Ƙwayoyin cuta nau'in bakteriya masu kama cikin yara suna da yawa. Akwai masu kawo gudawa da atini, akwai masu kawo kwalara da zazzaɓin taifot. Galibin waɗannan da zafinsu suke zuwa, su kwantar da yaro na 'yan kwanaki, sannan su wuce. Amma akwai wata guda ɗaya da ta sha bamban da su, domin ita a ɓoye take shiga, ba zazzaɓi ba kwanciya, ta kuma zauna a cikin tumbin mutum har iyakar rayuwarsa muddin ba a kashe ta da magani ba. Sunan wannan ƙwayar cuta Helicobacter pylori.

An zaɓe ta a matsayin abin nazari a wannan babi saboda dalilai biyu. Na farko, ita ce babbar musabbabin gyambon ciki, wato cutar da jama'a suka fi sani da suna olsa. Na biyu, bincike ya tabbatar da cewa Nijeriya na daga cikin ƙasashen da ta fi yawa a cikinsu a duniya. Za a fara da bayanin tumbi da aikinsa, sannan a dubi yadda aka gano ƙwayar, da hanyoyin da yaro ke bi ya ɗauke ta, da illolinta, da kuma magani da rigakafi.

3.1 Tumbi da Aikinsa

Idan mutum ya tauna abinci ya haɗiye, abincin yakan bi ta maƙogwaro ya sauka a tumbi, inda yakan ɗauki kimanin awa 2 zuwa 4 ana sarrafa shi kafin ya gangara zuwa ƙaramin hanji. A kowace rana tumbi yakan tsatso ruwan narkar da abinci wanda ya kai kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu. A cikin wannan ruwa akwai asid mai ƙarfin gaske, wanda ke da ayyuka uku muhimmai:

(a) Yana taimakawa wajen narkar da abinci mai gina jiki, kamar nama da ƙwai da wake.

(b) Yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci ko ruwan sha, kafin su kai ga hanji.

(c) Yana warware sinadarin ƙarfe da bitamin B12 daga jikin abinci, domin hanji ya sami damar tsotse su. Waɗannan biyu kuwa da su jiki ke ƙera jini.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya hana wannan asid cinye tumbin kansa, alhali shi ma nama ne? Amsar ita ce, bangon tumbi a lulluɓe yake da wani yauƙi mai kauri kamar majina, kuma a ƙarƙashin yauƙin akwai wani sinadari mai aiki irin na kanwa, wanda ke kashe kaifin asid. Matuƙar wannan kariya tana nan daram, tumbi lafiya lau yake. Sai ta sami rauni ne asid kan kai ga naman, kamar dai yadda Hausawa ke cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3.2 Gyambon Ciki a Fahimtar Jama'a

A ƙasar Hausa, idan aka ce wane yana da olsa, abin da ya fi saurin zuwa a zukatan mutane shi ne yunwa. Akan ce ya cika zama da yunwa ne, ko ya cika cin yaji da tsami, ko kuma tunani da damuwa ne suka yi masa yawa. Saboda haka shawarar da akan ba shi ba ta wuce ya riƙa cin abinci a kan kari, ya bar barkono, ya riƙa shan madara ko nono, idan ƙwannafi ya taso masa kuma ya jiƙa kanwa ya sha.

Wannan fahimta ba ta Bahaushe ba ce shi kaɗai. Har zuwa farkon shekarun 1980, likitocin duniya ma a kan haka suke, wato damuwa da yawan asid su ne tushen cutar. A wancan lokaci imanin da aka yi shi ne babu wata ƙwayar cuta da za ta iya rayuwa a cikin tumbi, saboda ƙarfin asid ɗin da ke ciki. Don haka maganin da ake bayarwa na rage asid ne kawai, irin su cimetidine da ya fito a shekarar 1976. Gyambon yakan warke da wannan magani, amma fiye da rabin marasa lafiya sukan dawo da shi kafin shekara ta zagayo. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

3.3 Yadda Aka Gano Ƙwayar

A shekarar 1979 wani likita mai binciken tsokar jiki a asibitin Royal Perth da ke ƙasar Ostareliya, mai suna Robin Warren, ya lura da wasu ƙananan halittu masu lanƙwasa a jikin tsokar tumbin da ake kawo masa domin dubawa a madubin likita. Ya kuma lura cewa duk inda suke, naman wurin a kumbure yake. A shekarar 1981 wani matashin likita mai suna Barry Marshall ya haɗa hannu da shi. Sun daɗe suna ƙoƙarin rainon ƙwayar a ɗakin gwaji ba su dace ba, domin al'adar ma'aikata ita ce su zubar da farantin gwaji bayan kwana biyu idan ba a ga komai ba. Sai a watan Afrilu na shekarar 1982, lokacin hutun Ista, aka bar wasu farantai har kwana biyar, da aka dawo aka tarar ƙwayar ta tsiro. Ashe ita mai jinkirin girma ce.

A shekarar 1984 suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan marasa lafiya 100 a mujallar Lancet. Sun sami ƙwayar a jikin dukkan mutum 13 da ke da gyambo a farkon ƙaramin hanji, da kuma mafi yawan masu gyambo a cikin tumbi. Duk da haka likitoci da dama ba su gamsu ba. Ganin haka, a cikin wannan shekarar Marshall ya ɗebi ƙwayar da aka raina ya sha da kansa. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai da warin baki, da aka leƙa tumbinsa kuma aka tarar ya kumbura, ga ƙwayar nan a ciki. Da farko an sanya ta cikin dangin Campylobacter, sai a shekarar 1989 aka raɗa mata sunan da take amsawa yanzu. A shekarar 2005 aka ba Marshall da Warren lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda wannan aiki.

3.4 Yawanta da Hanyoyin da Yaro Ke Ɗaukar Ta

Wani nazari da aka buga a shekarar 2017, wanda ya tattara sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa a shekarar 2015 mutum biliyan 4.4 ne ke ɗauke da wannan ƙwaya a duniya. A wannan nazari, ƙasar Siwizalan ce ta fi ƙarancinta da kashi 18.9 cikin ɗari, Nijeriya kuwa ita ce kan gaba da kashi 87.7 cikin ɗari. Tun kafin wannan, a shekarar 1992, Holcombe da abokan aikinsa a Maiduguri sun gwada jinin mutum 268, suka sami alamarta a jikin kashi 85 cikin ɗari, kuma suka nuna cewa mafi yawan mutane kafin su cika shekara 10 suke kamuwa.

Wannan batu na shekaru shi ne ginshiƙin babin nan. Ba kasafai babban mutum kan ɗauki ƙwayar sabuwa ba. Mai shekara 40 da aka gwada aka same shi da ita, galibi tun yana wasan ƙasa ya ɗauke ta. Hanyoyin da masana suka bayyana su ne kamar haka:

(a) Ta hanyar amai da yawu. A shekarar 1999 masu bincike a Amurka sun nuna cewa aman mai ɗauke da ƙwayar cike yake da ita, kuma da ranta. A gidan da yara suka yi yawa a ɗaki ɗaya, idan ɗaya ya yi amai, sauran na cikin haɗari. Haka kuma ana kyautata zaton cewa tauna abinci a ba jariri, da lasar ludayi ko cokali kafin a sa masa a baki, suna daga cikin hanyoyin da take bi daga uwa zuwa ɗa.

(b) Ta hanyar bayan gida. A shekarar 1992 aka fara fitar da ƙwayar da ranta daga bayan gidan mutane a ƙasar Gambiya, yawancinsu yara. Ke nan hannun da ya yi wa yaro tsarki ba a wanke shi da sabulu ba, yana iya kai ta cikin kunu ko kwanon abinci.

(c) Ta hanyar ruwan sha. Binciken da aka buga a shekarar 1991 a kan yaran birnin Lima na ƙasar Peru ya nuna alaƙa tsakanin irin ruwan da gida ke sha da yawan yaran da ke ɗauke da ƙwayar.

Idan aka dubi waɗannan hanyoyi, za a ga cewa cunkoso a ɗaki, da ƙarancin ruwa mai tsabta, da rashin masai mai kyau, su ne ke share mata fage. Wannan ne ya sa a ƙasashen Turai da Japan yawanta ke raguwa daga tsara zuwa tsara, tun ma kafin a san da ita, sakamakon gyaruwar muhalli da ruwan sha.

3.5 Yadda Take Rayuwa a Cikin Tumbi

Tsawon wannan ƙwaya kimanin kashi 3 cikin 1,000 na milimita ne. Siffarta a murɗe take kamar igiya, kuma tana da 'yan wutsiyoyi a gefe ɗaya waɗanda take kaɗawa ta yi iyo. Da zarar ta isa tumbi, sai ta huda yauƙin nan da aka ambata a baya, ta shige ƙarƙashinsa inda asid ba shi da ƙarfi, ta manne wa bangon tumbi. Bugu da ƙari, tana fitar da wani sinadari da ake kira yuriyes, wanda ke samar da amoniya a kewayenta. Amoniya kuwa tana kashe kaifin asid, saboda haka ƙwayar kan zauna a cikin 'yar garkuwar da ta yi wa kanta.

Jiki ba ya zuba mata ido. Yakan tura sojojin garkuwarsa zuwa wurin, amma ba sa iya fitar da ita, ita ma ba ta barin wurin. Wannan faɗa da ba ya ƙarewa shi ke jawo kumburin bangon tumbi, kuma kusan duk mai ɗauke da ƙwayar yana da wannan kumburi, ko ya ji ciwo ko bai ji ba. Har ila yau, ƙwayar iri-iri ce. Wadda ke ɗauke da sinadarin da ake kira CagA ta fi sauran ɓarna, domin takan tsira shi cikin ƙwayoyin naman tumbi ya rikita musu tsarin girma.

3.6 Illolinta na Dogon Lokaci

Ya kamata a fahimta tun farko cewa mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar, wato kimanin kashi 80 cikin ɗari, sukan ƙare rayuwarsu ba tare da ta kwantar da su ba. Amma da yake masu ɗauke da ita suna da yawan gaske, 'yan kaɗan ɗin da take yi wa illa ma miliyoyi ne.

3.6.1 Ƙarancin Jini da Jinkirin Girma

A jikin wasu yara, ƙwayar takan rage yawan asid ɗin da tumbi ke fitarwa. Idan asid ya ragu, sinadarin ƙarfe ba ya warwaruwa daga abinci yadda ya kamata, ga shi kuma ita kanta ƙwayar tana cin nata rabo daga ɗan abin da ya samu. Sakamakon haka shi ne ƙarancin jini. Yaron da ke fama da shi yakan yi fari fat a tafin hannu da cikin ido, ya riƙa saurin gajiya, hankalinsa kuma ba ya tsayawa a kan karatu. Abin ya fi tsanani ga 'yan mata da suka fara al'ada. Wannan ne ya sa likitoci kan nemi ƙwayar a jikin wanda aka daɗe ana ba shi maganin ƙarin jini bai farfaɗo ba, kuma ba a ga wani dalili ba.

Haka kuma, raguwar asid tamkar buɗe ƙofa ce ga sauran ƙwayoyin cuta, domin mai gadin da ke kashe su ya yi rauni. Binciken da aka yi a karkarar Gambiya ya nuna cewa jariran da suka kamu da wuri sun fi fuskantar tsaikon girma a ƙarshen shekararsu ta farko. Sai dai masana sun yi saɓani a kan girman rabon ƙwayar a wannan matsala, saboda gidan da take yaɗuwa a cikinsa galibi shi ne gidan da abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci, gudawa kuma ta yi yawa.

3.6.2 Gyambon Ciki

Kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na masu ɗauke da ƙwayar sukan sami gyambo a wani lokaci na rayuwarsu. Inda ƙwayar ta fi taruwa a tumbi shi ke nuna irin cutar da za ta biyo baya. Idan a ƙasan tumbi ta taru, kusa da mafitarsa, takan sa a riƙa fitar da asid fiye da kima. Wannan asid ya kwarara zuwa farkon ƙaramin hanji, ya ƙona shi, gyambo ya fito. Mai irin wannan gyambo yakan ji zafi a ƙahon zuci idan cikinsa ba komai, musamman da tsakar dare, idan ya ci abinci kuma sai ya lafa.

A nan ne za a gane inda fahimtar jama'a ta samo asali. Mutum ya lura cewa yunwa ce ke tayar masa da ciwo, abinci kuma ke kwantar da shi, sai ya ɗauka yunwar ce ta kawo cutar. Gaskiyar magana ita ce yunwa da yaji suna fama gyambon da ya riga ya samu ne, ba su suka haƙa shi ba. Kanwa da madara ma sukan kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma ba sa taɓa ƙwayar.

Akwai musabbabi na biyu da ya kamata a ambata, wato magungunan kashe ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda manoma da 'yan dako da masu ciwon gaɓɓai kan saya a kemis su sha kullum. Su ma suna raunana kariyar tumbi. Idan suka haɗu da ƙwayar a ciki ɗaya, haɗarin yakan ninka. Shan taba ma yana hana gyambo saurin warkewa.

Gyambon da aka bari yana iya kaiwa ga ɗaya daga cikin abubuwa uku. Yana iya cin jijiyar jini, mutum ya yi aman jini ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Yana iya huda tumbi ko hanji gaba ɗaya, wanda ke buƙatar tiyata cikin gaggawa. Ko kuma tabonsa ya tsuke mafitar tumbi, abinci ya kasa wucewa, mutum ya riƙa amai yana ramewa.

3.6.3 Ciwon Dajin Tumbi

Idan kuwa ƙwayar ta bazu ko'ina a gangar tumbi, hanyar da cutar ke bi daban ce. Wani masani ɗan ƙasar Kolombiya mai suna Pelayo Correa ya bayyana matakan kamar haka: kumburi ya daɗe, sannan sassan da ke fitar da asid su ƙanƙance su mutu, sannan naman tumbi ya rikiɗe ya koma kamar na hanji, sannan ƙwayoyin naman su fara girma ba bisa tsari ba, daga nan sai daji. Wannan tafiya takan ɗauki shekaru 30 zuwa 50, abin da ya sa cutar ta fi bayyana ga dattawa, alhali an shuka ta tun suna yara. A kan wannan hanya kuma bitamin B12 yakan yi ƙaranci a jiki, abin da ke jawo wani nau'in ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa da hannu.

A shekarar 1994 Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya wannan ƙwaya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. A shekarar 2001 aka buga wani bincike daga Japan wanda ya bi sawun mutum 1,526 na kimanin shekara 8. Daga cikin 1,246 masu ɗauke da ƙwayar, 36 sun kamu da dajin tumbi, amma daga cikin 280 da ba su da ita, ko mutum ɗaya bai kamu ba. A shekarar 2020, fiye da mutum miliyan ɗaya ne suka kamu da wannan daji a duniya, kuma kimanin 769,000 suka rasu ta dalilinsa. Duk da haka, waɗanda ƙwayar ke kaiwa ga wannan mataki ba su wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari ba. Yawan cin gishiri da shan taba da gadon cutar a dangi suna ƙara haɗarin.

3.6.4 Tasiri ga Rayuwar Yau da Kullum

Ban da waɗannan manyan cututtuka, akwai wahalar da ba ta kai ga kwanciya asibiti ba, amma tana cin mutum a tsaye. Mai fama da ciwon ƙahon zuci da kumburin ciki da yawan gyatsa ba ya samun isasshen barci, ba ya jin daɗin abinci, ƙarfinsa na noma ko sana'a kuma yakan ragu. Da yawa sukan haramta wa kansu abinci iri-iri saboda tsoro, har su rame. Ga kuma kuɗin da ke tafiya wata bayan wata a sayen maganin rage asid, wanda da an tara shi da ya isa a yi gwaji a sha maganin da zai tumɓuke cutar.

3.7 Matsayin Afirka

A shekarar 1992 Holcombe ya jawo hankalin masana ga wani abu da ya kira abin ɗaure kai na Afirka. Ya ce ƙwayar ta game ko'ina a nahiyar, amma alƙaluman gyambon ciki da dajin tumbi ba su kai yadda ake tsammani ba idan aka kwatanta da Japan. An kawo dalilai iri-iri. Wasu sun ce bambancin nau'in ƙwayar ne, wasu sun ce abinci ne, wasu kuma sun ce tsutsar ciki da yara ke fama da ita ce ke sauya yadda garkuwar jiki ke tunkarar ƙwayar. A shekarar 2005 Agha da Graham suka sake duba sakamakon leƙen ciki da aka yi a asibitocin Afirka, suka nuna cewa gyambon ciki ba ƙaranci ya yi ba. A ra'ayinsu, ƙarancin na'urori da rashin rubuta alƙaluma, da kuma mutuwar mutane da yawa kafin su kai shekarun da daji ke bayyana, su ne suka ɓoye girman matsalar. Darasin da ke cikin wannan muhawara shi ne, rashin ganin cuta a takardun asibiti ba ya nufin babu ita a gari.

3.8 Gwaji da Magani

Ana gano ƙwayar ta hanyoyi huɗu: gwajin numfashi, da gwajin bayan gida, da zura bututu mai kyamara ta baki a leƙa tumbi a tsinko ɗan nama, da kuma gwajin jini. Gwajin jini shi ne mafi araha, amma yana da naƙasu, domin ba ya bambance wanda ke ɗauke da ƙwayar yanzu da wanda ya riga ya rabu da ita.

Magani ɗaya ba ya kashe ta. Akan haɗa maganin rage asid, kamar omeprazole, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, wani lokaci a ƙara da sinadarin bismut, a sha na tsawon kwana 14. Bayan an gama da aƙalla mako 4, akan sake gwaji domin a tabbatar ta mutu. Idan aka dace, waɗanda gyambon ke dawo musu ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Game da daji kuwa, gwajin da aka fara a shekarar 1995 a gundumar Linqu ta ƙasar Sin ya nuna cewa, bayan shekara 22, kamuwa da dajin tumbi ya ragu da kusan rabi a tsakanin waɗanda aka ba maganin. Ƙasar Japan ma tun shekarar 2013 ta sanya maganin cikin inshorar lafiya ga duk mai kumburin tumbi da ƙwayar ta jawo.

Babbar matsalar da ake fuskanta ita ce bijirewar ƙwayar ga magani. A ƙasashen Afirka da dama, metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, ya rage tasiri a kanta ƙwarai, saboda yadda ake shan sa barkatai da zarar ciki ya murɗa. Haka nan wanda ya fara shan magani ya bari bayan kwana uku don ya ji sauƙi, ya horar da ƙwayar ne kawai.

Game da yara, ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin cikin yara na Turai da Arewacin Amurka suka fitar ba ta goyi bayan a riƙa gwada duk yaron da ya ce cikinsa na ciwo ana ɗura masa magani ba. An fi so a nemi ainihin dalilin ciwon, a ba da maganin idan an ga gyambo ko wata hujja mai ƙarfi.

3.9 Rigakafi

Tunda a ƙuruciya ake ɗaukar ƙwayar, a nan ne ya kamata a tare ta. Matakan ba baƙi ba ne, kuma su ne dai ke kare yaro daga gudawa da taifot da kwalara:

(a) Wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga masai, da bayan yi wa yaro tsarki, da kuma kafin dama kunu ko ba shi abinci.

(b) Tafasa ruwan sha ko sanya masa maganin tsabtacewa, da rufe randa, da ware mata moɗa mai tsabta.

(c) Barin tauna abinci a ba jariri. A maimakon haka a dake shi ko a murje shi.

(d) Gaggauta kwashe amai da bayan gidan yaro, a wanke wurin da sabulu.

(e) Shayar da nonon uwa zalla har wata 6.

(f) Garzayawa asibiti idan aka ga aman jini, ko baƙin bayan gida, ko rama ba dalili, ko wahalar haɗiya.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin tumbi da yadda yake kare kansa daga asid, da yadda ƙwayar Helicobacter pylori ke shiga cikinsa tun ana yara ta hanyar amai da yawu da bayan gida da ruwan sha. An nuna cewa kumburin da take haddasawa yana iya kaiwa ga ƙarancin jini a ƙuruciya, da gyambon ciki a tsakiyar rayuwa, da dajin tumbi a lokacin tsufa. An kuma nuna cewa yunwa da yaji, waɗanda jama'a suka fi ɗora wa laifi, suna tayar da ciwon ne kawai, kuma maganin kwana 14 da aka sha bisa ƙa'ida yana iya raba mutum da cutar da ya yi shekaru yana lallaɓawa. Saboda haka, duk wani shiri na rage gyambon ciki a tsakanin manya dole ne ya haɗa da tsabtar ruwa da masai da hannun da ke ciyar da yaro, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.